Yaron ya daina tafinta, na'ura ta karɓa: ƙirƙirarriyar basira a gidajen Koriyawan Amurka

A unguwanni irin su Palisades Park da Fort Lee a jihar New Jersey, ko Flushing a birnin New York, ko Koreatown ta Los Angeles, tashin makaranta ba ya nufin ɗan Koriya ya gama karatun ranar. Daga makaranta sai hagwon, wato makarantar lesin ta kuɗi, inda zai zauna har dare yana bitar lissafi da tambayoyin SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka. Iyayen sun taho da wannan al'ada ne daga gida. A Koriya ta Kudu, ranar jarrabawar shiga jami'a da suke kira Suneung, a watan Nuwamba, har tashin jiragen sama da saukarsu ake dakatarwa na kimanin minti 35 don kada ƙara ta dami ɗalibai lokacin gwajin sauraren Turanci. A 2024 kaɗai, iyalai a ƙasar sun kashe sama da won (kuɗin Koriya ta Kudu) tiriliyan 29 a kan lesin. Mutumin da ya tashi a irin wannan ƙasa, ya ƙaura Amurka, ya buɗe shagon wanki da guga ko na gyaran farce yana tsayuwar awa goma sha biyu a rana, ba shi da wata dukiya da yake tattali kamar karatun ɗansa.

Koriyawa sun fara sauka Hawaii a 1903 don aikin gonakin rake, amma yawancin iyalan da ake gani yau sun shigo ne bayan dokar shige da fice ta 1965. Yanzu sun kai kusan miliyan biyu. A gida ɗaya za ka tarar da uwa da uba da suka fi sakewa da Koriyanci, da ɗa ko 'ya da Turanci ya riga ya zame masa harshen tunani. Cikin irin wannan gida ne ƙirƙirarriyar basira ta AI ta faɗo, kuma kowane ɓangare da irin labarin da ya ji a kanta.

Iyayen daga Seoul suke samun nasu labarin, ta manhajar saƙo ta KakaoTalk da YouTube da shafin bincike na Naver. Sun tuna watan Maris na 2016, lokacin da manhajar AlphaGo ta kayar da gwarzon baduk (wani wasa mai kama da dara), Lee Sedol, sau huɗu cikin wasa biyar, ƙasar baki ɗaya tana kallo. Tun daga ranar aka cusa musu cewa wanda bai iya na'ura ba an bar shi a tasha. Amma su ne kuma suka ga abin da ya faru a watan Agustan 2024, da aka bankaɗo zaurukan Telegram inda ake haɗa hotunan batsa na bogi da fuskokin ɗalibai mata da malamansu, kuma mafi yawan waɗanda aka kama yara ne 'yan makaranta. Sun ga gwamnati ta shigar da littattafan karatu masu amfani da AI a watan Maris na 2025, a darussan lissafi da Turanci da kwamfuta, duk da koken da iyaye sama da dubu hamsin suka sa wa hannu, sannan majalisa ta rage musu matsayi a watan Agustan shekarar, suka koma kayan taimakon karatu kawai. Shi ya sa uwa ɗaya za ta tura wa ɗanta bidiyon da ke cewa AI za ta cinye ayyukan duniya, ya maza ya koya, washegari kuma ta ƙwace masa kwamfuta don ta ga ChatGPT, manhajar AI mai amsa tambayoyi da yin rubutu, a buɗe.

Shi kuwa yaron, a aji ya san ta. ChatGPT ta fito ranar 30 ga Nuwamban 2022. Makarantun gwamnati na birnin New York suka toshe ta a Janairun 2023, suka buɗe a watan Mayu. Binciken cibiyar Pew ya nuna kashi 13 cikin ɗari na matasan Amurka ne suka yi aikin makaranta da ita a 2023, shekara ɗaya bayan haka suka koma kashi 26. A makarantu da yawa dokar ta malami ce: wannan ya yarda a nemi ra'ayi da ita, na ajin gaba ya ce ko jimla ɗaya aka ɗauko satar amsa ce. Yaro ya san wannan bambanci. Uwar da ba ta karanta takardar ƙa'idar aji ba, don da Turanci aka rubuta, ba ta sani ba.

A ganina rigimar da ake yi a waɗannan gidaje, ta ko amfani da AI satar amsa ne ko a'a, ƙaramar rigima ce. Babbar ita ce na'urar ta karɓe dalilai biyu da suke tilasta wa iyaye da 'ya'ya zama su yi magana: fassara da aikin gida. Kuma babu wanda ya lura, domin kowa sauƙi ya samu.

Mu fara da fassarar, don ita ce ba a faɗa. Shekaru da dama, ɗan shekara goma sha biyu a gidan baƙi shi ne tafinta. Shi ke karanta wasiƙar mai gidan haya, shi ke kiran kamfanin inshora, shi ke zama tsakanin likita da kakarsa. Kaya ne da ya fi ƙarfin wuyan yaro, kuma ban ga dalilin kewarsa ba. Bai kamata yarinya ta zama ita ce za ta faɗa wa mahaifiyarta sakamakon gwajin asibiti ba. Yau uba yana ɗaga waya ya ɗauki hoton takarda da Papago, manhajar fassara ta kamfanin Naver, ko ya jefa ta cikin ChatGPT, cikin daƙiƙa goma ya karanta da harshensa. An sauke wa yaron nauyi, an mayar wa uban da girmansa. Wannan alheri ne, babu musu.

Sai dai na'urar tana da wuraren da take tuntuɓe tsakanin Koriyanci da Turanci, kuma wurare ne sanannu. Koriyanci yana yawan barin mai aikatawa a jimla. Mutum zai ce “yak meogeosseoyo”, wato an sha magani, ba tare da ya ce wa ya sha ba. Mai sauraro daga zancen da ake yi yake ganewa. Turanci ba ya yarda da haka, dole na'ura ta zaɓi “ni” ko “shi” ko “ita”, kuma idan saƙon gajere ne zato take yi. A saƙon da uwa ta rubuta wa ma'aikaciyar jinya ta makaranta, bambancin “na sha” da “ya sha” ba ƙarami ba ne. Sai ƙidaya: Koriyawa da dubu goma-goma suke lissafi, kalmarsu man tana nufin 10,000, don haka “man goma” 100,000 ne. A nan sifili yake ɓacewa ko ya ƙaru, musamman idan ta baki aka faɗa wa waya. Ga kwanan wata: Koriya shekara take farawa da ita, sai wata, sai rana, Amurka wata, rana, shekara. Takardar da ke ɗauke da wa'adin biyan tara ko ranar zaman kotu, kuskuren lamba ɗaya ya isa.

Maganin ba mai wahala ba ne. A rubuta wa na'ura cikakkiyar jimla da sunan mai aikatawa. A sa kuɗi da kwanan wata da alƙaluma, a duba su da ido a takardar asali. A mayar da fassarar zuwa Koriyanci a sabon shafi a ga ko ma'anar ta dawo yadda ta tafi. A rufe lambar shaidar ɗan ƙasa da lambar asusun banki kafin a ɗauki hoto. Abin da ya shafi magani, shige da fice ko sa hannu a yarjejeniya kuwa, a nemi tafinta ɗan adam. Asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne su samar da shi kyauta, kuma ba a yarda su dogara da ƙaramin yaro ba sai a halin gaggawa.

Amma ga abin da ya tafi tare da wahalar. Yaron da yake fassara wasiƙar haya ya san nawa ake biya, ya san watan da ciniki ya faɗi, ya san kalmar Koriyanci ta “bashi” da ta “wa'adi”. Uban ma ta wannan hanyar yake jin yadda ɗansa yake tunani. Yanzu kowa da wayarsa. Akwai gidajen da har saƙon tsakanin uwa da 'ya ta na'ura yake bi: ita ta rubuta da Koriyanci, 'yar ta latsa fassara, ta amsa da Turanci, uwar ta latsa nata. Suna ɗaki biyu da bango ɗaya a tsakaninsu. Kuma Koriyanci harshe ne da girmamawa take cikin ƙarshen kowane aikatau: akwai jondaenmal da ake yi wa babba, akwai banmal na sa'a ko ƙarami. Na'urar da ba a faɗa mata wa ke magana da wa ba, za ta iya sa jika ya yi wa kakarsa magana kamar abokin wasansa, ko ta sa uwa ta yi wa ɗanta irin maganar ma'aikacin banki. Duk Bahaushen da ya san bambancin “kai” da “ku” ga dattijo zai gane girman wannan ɓarna.

Sai aikin gida. Tsohon ma'aunin iyayen Koriya abu uku ne: awa nawa yaro ya zauna a tebur, shafi nawa ya cika, maki nawa ya kawo. Dukkan ukun na'ura ta lalata su. Yaro zai iya zama awa uku, ya cika shafi goma, ya kawo maki mai kyau, alhali minti ashirin ya yi yana kwafa. Asirin ba ya tonuwa sai a ɗakin jarrabawa, domin SAT da ta koma ta kwamfuta a Amurka tun Maris na 2024 a cikin manhajar Bluebook ake yin ta, ƙarƙashin idon mai sa ido, babu ƙofar fita zuwa wani shafi. Alamar da ya kamata iyaye su duba ke nan, kuma ba ta buƙatar Turanci: tazara tsakanin makin aikin gida da makin gwajin cikin aji. Idan na gida yana sama, na aji yana zamewa wata bayan wata, akwai abin tambaya.

Iyaye da malamai da yawa idan suka yi zargi sai su nemi manhajar da ake cewa tana gano rubutun na'ura. Wannan kuskure ne, kuma 'ya'yan baƙi ya fi cutarwa. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan manhajoji bakwai da rubutun masu jarrabawar Turanci ta TOEFL, mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne. A matsakaici, kashi 61 cikin ɗari na rubutun da mutane suka yi da hannunsu an yanke musu hukuncin na na'ura ne. Dalilin shi ne manhajojin suna auna yadda ake iya hasashen kalma ta gaba, kuma mai koyon harshe kalmomin da ya tabbatar da su yake zaɓa, ba ya kasada. Shi kansa kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya janye tasa manhajar a Yulin 2023 saboda rashin inganci, Jami'ar Vanderbilt ta daina amfani da ta kamfanin Turnitin wata guda bayan haka. Yaron da ya zo Amurka yana ɗan shekara goma, irin waɗanda Koriyawa ke kira 'yan zuriya ɗaya da rabi, shi ne ya fi faɗawa wannan tarko.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, iyayen Koriya ba su saba ja da malami ba. Idan wasiƙa ta zo daga makaranta cewa ana zargin ɗansu, abin da zai fara zuwa musu kunya ce, sai ban haƙuri, sai hukunci a gida. Ba a tambayi hujja ba. Kariyar yaro a nan tun kafin rigima ake shirya ta: ya riƙa rubutu a Google Docs ko Word mai ajiye tarihin gyare-gyare, inda ake ganin lokacin da aka rubuta kowane sakin layi da abin da aka goge; ya ajiye takardun da ya yi tsarin farko a kansu; ya adana takardar ƙa'idar kowane malami ta farkon zango. Idan zargi ya zo, iyaye su nemi zama da tafinta daga makarantar, su ce a yi wa yaron tambayoyi ta baki a kan abin da ya rubuta.

Akwai kuma wani baki biyu da ya kamata a faɗa. Rubutun neman gurbin jami'a na tsarin Common App, wanda ake neman jami'o'i da yawa ta cikinsa, bai wuce kalma 650 ba, kuma ƙa'idar tsarin ta ɗauki miƙa abin da na'ura ta rubuta a matsayin zamba. Daidai ne. Amma tun kafin ChatGPT akwai iyayen da ke biyan masu ba da shawara dubban daloli su “gyara” rubutun har muryar yaron ta ɓace. Matashi yana ganin wannan. Idan aka ce masa na'ura haramun ce amma mutumin da aka biya halal ne, abin da zai koya shi ne laifin yana ga arha.

To me ya rage wa uwar da ba ta iya duba rubutun Turanci? Abin da malamin allo yake yi: a zo a biya karatu. Minti goma bayan cin abincin dare, a rufe kwamfuta, yaro ya yi bayanin abin da ya miƙa yau, da Koriyanci. Tambaya uku sun isa: me malami ya nema, ta yaya ka kai ga wannan amsa, ina ne ya fi ba ka wahala. Wanda ya kwafa yana iya amsa ta farko, yana kame-kame a ta biyu, ta uku ba shi da ita sam, domin babu inda ya ba shi wahala. Wanda ya yi da kansa kuwa zai ce, “Mama, lamba ta bakwai ce, sau biyu ina mantawa da juya alamar.” Uwar ba sai ta san aljabra ba kafin ta bambance muryoyin biyu.

Wannan dabara tana da wuraren da take karyewa. Na farko, Koriyancin yawancin waɗannan yara na kicin ne: sun iya “na ƙoshi” da “ina safata”, ba su da kalmar “kwatanci” ko “juyin juya hali”. Idan aka matsa, shiru za su yi, a ɗauka rashin sani ne. A nan ne na'urar take da amfani na gaske: kafin zama, yaro ya tambaye ta kalmomi biyar na darasin da Koriyanci, ya rubuta su da Hangul, haruffan Koriyanci, a takarda. Kalma biyar a rana, kwana biyar a mako, a shekarar karatu guda sun doshi dubu, abin da makarantar Koriyanci ta ranar Asabar a ɗakin coci ba ta cika iya bayarwa ba. Na biyu, uba ya mayar da zaman kotu. Da zarar bayani ya zama hanyar faɗa, yaro zai koyi haddace bayanin ma daga na'ura. Na uku, iyayen su yi ta tambaya ba tare da sun bayar da komai ba. Gara a yi musaya: yau ɗa ya bayyana darasinsa, gobe uba ya kawo wasiƙar da na'ura ta fassara masa, ya ce a duba masa lambobin. Yaron ya koma mai tantancewa na minti biyu, ba ɗan dako ba.

Ƙa'idar amfani kuwa gajera ta fi aiki: ka fara gwadawa da kanka minti goma sha biyar, sannan ka nuna wa na'ura abin da ka yi ka ce ta nuna maka inda ka kauce, kada ta ba ka amsa, bayan ka gane, ka rufe ka sake yi daga farko. Duk suna, shekara ko littafin da ta ambata, a nemo shi a wani wuri, domin tana ƙirƙiro littafin da babu shi da cikakkiyar natsuwa.

Hani ɗungurum Koriya ta riga ta gwada shi. A 2011 ta kafa dokar da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasan intanet daga sha biyun dare zuwa shida na safe. Yara suka riƙa shiga da lambar shaidar iyayensu, wasa ya koma waya inda dokar ba ta kai ba, a 2021 aka soke ta. Haka abin yake da ChatGPT. Ƙa'idarta shekara 13 ce, da izinin iyaye har zuwa 18, kuma tun Satumban 2025 ana iya haɗa asusun uba da na ɗa a sa sa'o'in da ba a amfani da ita. A sa, ba laifi. Amma sabon asusu imel ɗaya yake buƙata, kuma akwai irinta a cikin Snapchat da Instagram da shafin binciken Google.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hirar dare. A gidajen da damuwar zuciya abin ɓoyewa ce, inda amsar “na gaji” ita ce “kowa ma a gajiye yake”, matashi ya samu abin da ke saurarensa ƙarfe biyu na dare, da harshen da yake tunani da shi, ba ya gajiya, ba ya kwatanta shi da ɗan wance da ya shiga Harvard. Koriyawa suna da sunan wasa ga wannan yaron da ake kwatanta kowa da shi, omchina, “ɗan ƙawar mama”. Na'urar tana da halin bin ra'ayin mai magana, don haka tana iya tabbatar wa yaro mummunan zaton da yake yi wa kansa. Kamfanin Character.AI, mai manhajar hira da AI, sai da ya hana 'yan ƙasa da shekara 18 hirar sake-baki a ƙarshen 2025, bayan ƙararrakin da iyaye suka shigar. Satar karanta hirar yaro ba ta warware komai, in ya gane sai ya ƙara nisa. Abin dubawa barci ne, da cin abinci, da abokan da aka daina ambata. Waya ta kwana a falo, ta kowa da kowa, har ta uba.

Maganar hotunan bogi kuwa 'ya'ya maza ya kamata a zaunar, ba mata kaɗai ba. A Koriya tun dokar Satumban 2024, mallaka ko kallon irin hoton kaɗai yana kai mutum ɗaurin da ya kai shekara uku ko tarar won miliyan 30. A Amurka dokar tarayya ta Mayun 2025 ta mayar da yaɗa shi laifi, ta kuma wajabta wa shafuka cire shi cikin awa 48 da kai ƙorafi. Yarinyar da aka yi wa, kada a goge komai kafin a ɗauki hoton shafin da adireshinsa da lokaci, kuma kada a fara da tambayarta me ya sa ta ɗora hotonta.

Haɗari na ƙarshe ya shafi kakanni da iyayen da ke nesa, musamman uban da ya tsaya aiki a Seoul ya tura iyali karatu waje, wanda ake kira gireogi appa. Gajeren bidiyon yaro a intanet ya isa a kwaikwayi muryarsa a kira ana kuka ana neman kuɗi. Iyali su tsayar da kalma guda ta sirri, irin sunan wasan da kaka ta sa wa jika ko abincin da ya ƙi ci yana ƙarami, kada a taɓa rubuta ta a KakaoTalk. Idan kira ya zo, a nemi kalmar, a kashe waya, a kira lambar da aka sani.